Zumarki Za Ta Riga Ni

Zuwa ga Kakata,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki? Yaya Kawu Bogumil da ƙudan zumansa?

Muna Zagreb, ni da abokan tafiyata Halszka da Witold, lafiya lau. Igiyar jakar goyo ta ɗan saɓule mini kafaɗa, amma bai kai a gaya wa Mama ba. Shi ya sa na rage kaya a Biyana. A kicin ɗin kowane masauki akwai kantar da matafiyi ke barin abin da ya yi masa nauyi a kai, mai so ya ɗauka. Nan na ajiye kwalbar zumar da kika ce in buɗe a bakin teku, tunda ke ba ki taɓa ganinsa ba. Har muka bar Budapest abin yana cina.

Jiya da safe sai ga wani dogon ɗan Fotugal yana shafa wa burodi zuma, jan ƙyallenki ɗaure a murfin. Witold ya ce, "Malam, lasa a hankali, ga jikar mai ita nan."

Wai a Graz ya tsince ta. Wa ya kai ta can? Baki nawa ta zaƙaƙa a hanya? Na kasa karɓa. Na bar masa, bisa alkawarin zai buɗe ta a bakin ruwa a Split.

Jirginsa na zuwa Split ya tashi jiya, namu sai jibi. Ki sa mana albarka, Kaka. Zumarki za ta riga ni ganin teku.

Jikarki,
Dobrawa