Ban-kwanan da Ka Bari Sai Ka Dawo

Duk wanda wannan takarda ta faɗo hannunsa, kada ya karanta ta don jin labarin jirgin sama. Gargaɗi ne nake yi: kada saurin abin hawa ya sa ku raina nisa.

Zuwa ga ɗana na fari, wanda ke kwance a ƙasar Makka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan makwancinka ya fi ɗakinka na nan Wudil yalwa da sanyi.

Kakanka da ƙafa ya tafi aikin hajji, ya yi shekaru a hanya. Kafin ya tashi, gida-gida ya bi har Kausani yana neman gafara, domin a zamaninsu mai tafiya gabas ba ya sa ran dawowa. Shi kuwa ya dawo, ya tsufa a cikinmu.

Kai jirgi ka samu. Na ce ka je Utai ka shirya da ƙanwarka Hajara, tunda tun damina ba kwa magana saboda iyakar gona. Ka yi dariya ka ce, "Inna, Kano zuwa Jidda fa ko yini bai cika ba. Zuwa Utai a jaki ya fi shi wahala. In na dawo na kai mata zamzam, mu shirya."

Na ɗauko taswirar da na yi karatu da ita a makaranta, na ja zare daga Kano, ya ratsa Sudan, ya tsallake teku. Na ce ka duba da idonka. Ka ce zare bai san jirgi ba.

Ba ka yi ƙarya ba, kun sauka da wuri. Zazzaɓi ne ya kama ka a Mina. Abokan tafiyarka suka kawo mana jakarka, da 'yar gorar zamzam a ciki.

Hajara takan zo duk Juma'a in kasuwa ta tashi. Ta tsaya a ƙofar ɗakinka ta ce, "Yaya, na yafe, kai ma ka yafe mini." Sai ta kasa kunne tana jiran amsarka. Har yau ta ƙi shan ruwan nan. Ta ce ba ta sani ba ko da fushinta a ranka ka ɗebo shi.

Ni kuma duk sanda jirgi ya gifta ta saman kogi, sai in ji sallamarka a zaure. Na sha amsawa. Yaran gida sun daina tambayata da wa nake.

Kana raye ban taɓa kiran sunanka ba, don kunyar ɗan fari. Yau zan rubuta shi. Usmanu. Usmanuna.

Allah ya jiƙanka, ya karɓi hajjinka, ya sanyaya zuciyar ƙanwarka, ya haɗa mu a inda babu sauran tafiya. Amin.

Ni ce mahaifiyarka, kuma ga dokar da na kafa bayanka: a gidan nan babu mai fita da fushin wani a kansa. Ko Jidda za shi, ko hayin kogi, sai ya durƙusa ya nemi gafara, an amsa masa da baki ya ji, sannan ya sa takalmi.