Hanyar da Sa'adiya ta daina bi

Zuwa ga ƙanena Abdulwadud,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Mariama da yara.

Tun shekarar da aka rushe mana gida a unguwar Jarwal muka koma unguwar Mansur nake jin wai sababbin titunan nan, in an hango su daga sama, tambarin Firimason ne, wata ƙungiyar asiri ta Turawa. Dariya na yi. Shekara talatin ina taka Makka, na san dutse ke lanƙwasa titi a garin nan.

To, an nuna wa matata Sa'adiya hoton titunan a waya, an ja jan layi mai kusurwa uku. Na duba, layi ɗaya ta tsakiyar dutse ya bi, inda ko akuya ba ta hawa. Ta ce, "Alhaji, kai da ba ka ganin allura, za ka yi musu da tauraron ɗan'adam?" Ta rantse ta daina bin gajeriyar hanya zuwa Harami, wai tana kan layin. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, ba na barinta ita kaɗai, sai zagaye ta Misfala. Gwiwata na kuka, amma kada ka damu, jam'i biyu kawai nake rasawa kullum.

Ka tambayar mini malaman gida, taka titi laifi ne? Allah ya yi muku albarka.

Yayanka,
Maiturare

Da na ci gaba da dariyata, sai dai jiya an sake faɗa mini, murya ƙasa-ƙasa. Malam Hadi ne, wanda ya koya mini kada in karɓi magana babu isnadi.