Gorar nononki ta ceci aikina

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi irin na ɗiya ga mahaifiyarta, ina fatan kina kwance cikin rahama. Kin tafi ban ba ki ƙarshen labarin nan ba.

Kin tuna shekarar fari, zamanin soji, da aka ɗauke ni aikin anketi, ina bin gidajen Agadas ina tambayar wa ke caca, wa ke sayen tiken lotiri. Da aikin nan muke cin tuwo a gida. Ke kuwa kullum sai kin ce, "Ki ci abincinki, amma kar ki tona asirin maƙwabci."

Ashe mutane sun ɗauka duk wanda ya amsa, za a cire sunansa daga rabon dawar taimako. Sai gari duka ya zama na waliyyai! Har Ila mai karta a bakin tasha ya rantse mini bai san kalar karta ba. Shef ɗinmu, shugaban aikin, ya duba takarduna, a'a daga sama har ƙasa. Ya ce ƙarƙashin itace na zauna na cika su, ya ba ni sati guda in gyara, in ba haka ba a kore ni. Na yi kuka, Inna. A satin ne kika kwanta ciwo.

Na ɗauki gorar nononki, na zuba rairayi a ciki don kar a ji ƙarar abin da ya faɗa. Kowa na ba shi ƙwallon dabino da tsakuwa, na rufa masa zane a hannu. Mai caca ya jefa ƙwallo, wanda ba ya yi ya jefa tsakuwa. Ba suna, ba takarda.

Ran da na juye gorar a teburin shef, ƙwallayen dabino har ƙasa suka zuba. Ya cire tabarau ya mayar. Ya aika labari Yamai, aka ce masu zuwa Tabelot da Dirku su ma su nemi gora. Ni da za a kora, ni na koya musu!

Yaya Alhasan ma, wanda kika daɗe kina zargi da caca, ya sa hannu a gorar. Na kau da kai. Har yau ban san abin da ya jefa ba, kuma ba zan tambaya ba.

Allah ya haskaka kabarinki, ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa wa mutane.

Ɗiyarki mai kewarki,
Hadiza