Tsuntsun Mashaya Ya Bar Kurmi

Daga ƙaninka Sa'adu a Birchi zuwa ga Yaya Ummaru a Maraɗi. Gaisuwa da girmamawa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar Inna?

Bayan haka, ka tuna ɗan tsuntsun kurmin mashaya, mai bayan toka da farin ƙirji? Yakan zauna a reshen ƙasa yana buɗe wutsiya kamar mafici, ya zabura ya cafke ƙuda, ya komo wurinsa. Marigayi Baffa ba ya barin mu shayar da shanu sai ya gan shi, ya ce shi ke rage mana ƙudan tsando.

To, Nasara sun sa an sare kurmin, wai turakun waya za a kafa. Na yi magana, dogari ya ce in kama bakina. Tun ran nan babu tsuntsun a mashaya, ga shi ba mu da wani ruwan.

Shekaranjiya na iske irin tsuntsun guda a zaurenmu, ya yi tsuru a kan azara, ƙuda na gilmawa ko kallo ba ya yi. Jiya na tsince shi matacce. Da na kai wa Liman damuwata, ya ce in bar camfi. Na ji, amma farar saniyar da ka bar mini amana ta fara hawaye, gashinta ya tashi irin na sammore, ciwon da tsando ke kawowa.

Aiko mini: in koro garken wurinka ko in tsaya? A sa mu a addu'a. Ka gai da Inna, amma kada ta ji an sare kurmin Baffa. Wassalam.