Hannun Inna da kazar ɗori

Malbaza, Fabrairu 1991

Zuwa ga Yaya Inuwa a Abijan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Awa da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nema. Mu nan Malbaza sai godiya. Garejina na tafiya, kamyon ukun nan duk suna kan hanya da siminti, matata Zalika kuma ta sauka lafiya, an samu namiji.

Yaya, zancen hannun Inna ne ya sa na rubuto. Ka san ta faɗi a bakin rijiyar garka a Badaguishiri, ƙanwarmu Kyauta ta kira Dogo maɗori. Ya miƙe hannun, ya jera kara, ya ɗaure. Kamar yadda suka saba, ya karya ƙafar kaza ya ɗaure ta ita ma, ya ce ranar da kazar ta taka sai a kwance na Inna. To, abin da ba a gaya maka ba shi ne shaho ya ɗauke kazar tun ba ta taka ba. Dogo kuwa ya tafi cin rani. Kowa a gidan ya ji tsoron taɓa ɗorin, aka bar shi har kusan wata uku. Da na je na yanke igiyar da kaina, sai na ga hannun ya sandare kamar taɓarya.

Na ɗauko ta na kai ta likita aka yi hoto. Lokotoro ya zaunar da ni ya nuna mini komai, don ya ga mai fahimta ne. Ka san a aji biyu na bar koleji, amma wanda ya shekara ashirin yana kwance ƙafar mota ba a daɗewa ana yi masa bayanin gaɓa. Ya ce gaɓoɓin mutum ba iri ɗaya ba ne. Na ƙoƙon kai a haɗe suke, ba sa motsi. Na ƙashin baya ɗan motsi kaɗan suke yi. Kafaɗa da ƙugu kan ƙashi ne zaune cikin rami yana juyawa ko'ina, daidai da rotil na mota. Gwiwar hannu kuwa kamar ƙyaure take, buɗewa da rufewa kawai. A bakin kowane ƙashi akwai guringuntsi mai santsi, jijiyoyi sun riƙe su, ga wata jaka da ta lulluɓe wurin da ɗan ruwa a ciki, shi ne giris ɗinsa. Karayar Inna ta haɗe, a nan Dogo bai yi laifi ba. Amma jakar nan da jijiyoyin sun tsuke saboda rashin motsi. Maganin shi ne a riƙa lanƙwasa hannun kullum, da zafinsa, kuma ya ce in aka ƙara jinkiri haka zai zauna.

Hannun dama ne, Yaya, kuma ba ya kaiwa bakinta. Ka san Inna. Ta ce ba za ta ci da hagu ba da tsufanta, kuma ba jaririya ba ce da za a ba ta a baki. Fura kawai take kurɓa a bakin ƙwarya. Zobenta har ya fara zamewa daga yatsa.

Na ƙera mata abin ja da igiya da tsohon rulma, boris ɗin ƙafar mota ke nan, na rataya a rumfa, don ta riƙa ɗaga hannun da kanta. Ta kalle shi ta ce ita ba kamyon ba ce. Da na matsa, sai ta ce babbanta, wato kai, ya aiko a gaya mata kada ta yarda a taɓa hannun, don a likita yankewa suke yi. Na san tausayi ne ya sa ka faɗi haka, kuma kana nesa. Amma maganarka take riƙe da ita, tawa kuwa har gobe ta yaro ce, ko da motoci nawa na ajiye a ƙofar gida. Zalika kaɗai ke samun ta ɗan lanƙwasa mata shi da wayo, in tana shafa mata man kaɗanya.

Don haka ba takarda nake so ba, za ta ce ni na karanta abin da na ga dama. Ka ɗauki muryarka a kaset, ka gaishe ta, ka ce kai ne ka ce ta ja igiyar nan safe da yamma. Ka ba Sallau direba, wanda zai kawo maka wannan, kada ya juyo babu ita. Rakoda da batir suna nan na tanada.

Ka gaishe da Awa da Saratu da Maman ƙarami, da duk mutanen Illela da ke wurinku. Kyauta da Zalika suna gaisuwa. Jiya na auna, taƙi ɗaya ya rage tsakanin yatsun Inna da bakinta. Ni na yi iya nawa, sauran yana bakinka.

Ni ne ƙanenka,
Alkasum mai gareji