Wane Zani Zan Bayar A Ɗaure Tsoho?

Goggo Quitéria, ki taimake ni da shawara kafin jibi. Rediyo ta ce guguwar teku ta nufo garinmu Beira, ni kuwa gidana ya hargitse tun iskar ba ta iso ba.

Ni mai suyar kifi ce a Praia Nova. Shiri dai mun gama. Mijina Jossias ya ja kwalekwalensa cikin rafi ya ɗaure, mun jera buhunan yashi a kan kwanon rufi, za mu fake a makarantar bene da yara. To, kin san halin unguwarmu. A guguwar da ta gabata da muka tafi gaba ɗaya, muka dawo ba kwano, ba ƙofa, har kaskon suyata ya yi ƙafa. Iska ta ci rabi, maƙwabta suka ci rabi. Shi ya sa yanzu kowane gida ke barin mutum ɗaya gadi.

Mu kawun mijina za mu bari, Baba Macamba. Ƙafarsa ɗaya, kwano ya datse ɗayar a waccan guguwar. Ba ya kamun kifi, ba ya ɗinkin raga, sai ci sai tari. Jossias ya ce masa ai shi guguwa ta riga ta ɗanɗana shi ta tofar, ba za ta maimaita ba. Yara suka yi ta dariya. Tsohon dai tambaya kawai ya yi ko za a bar masa ashana.

Ga inda rigimar take. Za a ɗaure shi da zani a ginshiƙin tsakar ɗaki, kamar yadda ake yi, kada iska ta kwashe shi. Jossias ya kafe sai sabon zanena, wai shi ne mai ƙwari. Goggo, zanen da na saya don baftismar 'yata, ko ruwa bai taɓa gani ba. Na miƙa tsohon zani, ya ce ni muguwa ce, ba na tausayin danginsa. Tun jiya ya ƙi cin tuwona. Raina ya ɓaci ƙwarai. Don Allah ni ce muguwa?

Mai Suya, Praia Nova

'Yata Mai Suya,

Tsoron ɓarayi gaskiya ne, ban raina shi ba. Ni ma na taɓa dawowa na tarar da fili fetal. Kuma mijin da ya zaɓi kawunsa ya yi gadin kwano ba shi da bakin kiran wani mugu.

Amma tunda kin tambaya, ki ji. Ku biyun a kan likkafani kuke faɗa. Unguwarku ruwa ke cin ta kafin iska. Idan teku ta shigo ɗaki, mai ƙafa biyu ya haye rufi, mai ƙafa ɗaya ya gwada sa'arsa, wanda aka ɗaure kuwa sai dai ya zauna yana kallon ruwa na hawa. Tsohon ya sani sarai, shi ya sa bai yi musu ba.

Ku ciro ƙofar, ku ɗauki kaskon, ku tafi da su. Kwanon ku rubuta sunanku da fenti a kowane falle, ɓarawo ba ya son kaya mai suna. Baba Macamba kuwa ku tafi da shi, ya riga buhun masara hawa baro. In Jossias ya ƙi, yau ɗin nan ki je wurin masu aikin ceto a makarantar, ki faɗa musu sunan tsohon da gidan, in ya so ya yi fushi da ke daga baya.

Zanenki ki ɗaura abinki. Sai dai ki tuna yaran da suka yi dariya karatu suke ɗauka. Wata guguwar za ta zo kin tsufa, kuma su za su zaɓi zanen.

Allah ya fid da ku lafiya, har da tsohon.

Goggo Quitéria