Na Tsawata wa Masu Yi Mini Intabiyu

Anti, ki taimaka mini da shawara tun kafin in sake kwafsawa, don wata damar ta zo kuma ba na son ta kuɓuce mini kamar ta farko.

Ni malamar firamare ce. Na daɗe ina koyarwa, har waɗanda na koya wa riƙe fensir sun fara kawo mini nasu 'ya'yan. Ba yabon kai ba, na iya aikina. Ajina yana gefen titi, rufin kwano ne, ga masu walda a tsallake, ga yara maƙil har bakin allo, amma in na shiga na tsaya sai ki ji tsit. Da murya nake wannan aikin, ita ce kuma ta gaji. Tun bara take dishewa. Da farko sai ƙarshen mako, daga baya ta koma kullum kafin a tashi hutun tara. Likita ya leƙa maƙogwarona ya ce wurin da murya take fita ya yi kanta, irin wadda hannu yake yi in ya sha aiki. Ya ce in na ci gaba da ɗaga murya a aji, wata rana zan buɗe baki in ji iska kawai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mahaifiyata. Jinta ya yi rauni, kuma duk cikin 'ya'yanta muryata kaɗai take kamawa a waya ba sai an maimaita ba. Yanzu in na kira ta sai ta yi ta tambaya ko ina kan layi, alhali tun ɗazu nake magana. Ranar da ta fara yi mini haka, ina ajiye wayar na fashe da kuka. A ranar na yanke cewa in an yi hutun ƙarshen zangon nan, ni da alli mun rabu.

Ban tsaya jimami ba. Na gyara takarduna, na koyi kwamfuta a shagon maƙwabcinmu, na fara nema. Wani asibiti mai zaman kansa ya kira ni intabiyu, suna son wadda za ta riƙa tsara wa marasa lafiya lokacin ganin likita. Na ce wannan ai kamar shan ruwa ne, macen da take tsara layin yara a bakin famfo lokacin tara me zai gagare ta?

Na shiga na tarar da wata mata a tsakiyar tebur, da wani dattijo, da wani saurayi a gefe. Ina cikin amsa tambayar farko sai na lura saurayin yana latsa waya. Anti, wallahi ban san lokacin da na yi shiru na kafa masa ido ba. Da bai ɗago ba, sai na ƙwanƙwasa tebur da biro. Ya zabura ya tura wayar ƙarƙashin tebur, ni kuma na ce yawwa, na ci gaba. Da matar ta yi mini wata tambaya, sai da na yaba mata cewa tambayar ta yi ma'ana kafin na amsa. Kowace amsa na ba da ita dalla-dalla, da misali, na maimaita muhimmin wurin, sannan na tambaye su ko sun gane. Dattijon har gyaɗa kai yake yi. Na fito ina jin daɗi, na ce wa maigidana ya fara shirin kai ni sabon wurin aiki. Har yau ba su kira ba.

Maigidan nawa, wanda tun muna sabbin aure yake kirana Hedimasta, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce shi ma ko shayi na miƙa masa sai na tambaye shi ko ya gane. Ƙanwata kuwa, da take aiki a banki, ba ta yi dariya ba. Ta ce in dai ina son aiki, to in binne malamar nan da ke cikina: in daina kawo zancen aji, in rage kallon mutane cikin ido, in riƙa murmushi ko ba dalili. Maganarta ta yi mini zafi. Duk abin da na iya a duniya a aji na koye shi, in na cire shi me ya rage?

Yanzu wani kamfanin buga littattafan yara ya kira ni, suna neman mai duba ko darussan sun dace da shekarun masu karatu. Na san zan iya, ko shakka babu. Amma in na sake faɗuwa, hutu zai ƙare in koma aji, murya kuma ta tafi. Shugabar makarantarmu ma ban gaya mata komai ba tukuna. Shin in je a yadda nake, ko in je a yadda ƙanwata take so? Ina fatan kin gane.

Malama Mai Disasshiyar Murya

*

Malama, sannu da fama, Allah ya ba ki lafiya.

Na yi dariya, ba zan ɓoye miki ba, kuma na tausaya wa saurayin nan duk da shi ya fara rashin kyautawa. Latsa waya a gaban mai magana rashin ladabi ne. Amma ba ɗan ajinki ba ne, kuma ke kika je nema a wurinsu. Kin shiga ɗakin da ba naki ba kin karɓe ragamarsa, su kuma suka hango yadda za ki riƙa yi da likitocinsu da marasa lafiya. A nan ƙanwarki ta yi gaskiya.

Inda ba na tare da ita shi ne batun binne malamar. Kamfanin littattafan nan malamar suke nema. Suna son wadda za ta kalli shafi ta ce a nan yaro zai ɓata, saboda ta sha ganin idon yaro lokacin da ya ɓata. Wannan ba a koyonsa a kwas. Ki tafi da shi, ki bar biron ƙwanƙwasa tebur a gida.

Ki kira ƙanwarki ta zauna a matsayin mai tambaya, maigida ya zauna a gefe yana latsa waya da gangan, ki koyi ci gaba da magana ba tare da kin hukunta kowa ba. Ki amsa abin da aka tambaye ki, ki kawo misali ɗaya daga aji, ki yi shiru. Manya in ba su gane ba za su tambaya da kansu. Ki nemi littafin kamfanin guda ki karanta tun a gida, ki je da abin da ya burge ki da wanda kike ganin zai wahalar da yara, ki faɗe shi a matsayin shawara. In sun tambayi dalilin barin koyarwa, ki faɗi gaskiya a taƙaice, ke ma ki tambaya ko aikin yana da yawan magana.

Shugabar makarantarku kuma ki same ta cikin makon nan. Ta cancanci ta ji daga bakinki, tana buƙatar lokacin neman wanda zai karɓi yaran, kuma shaidarta za ta yi miki amfani. Ki roƙe ta ta rage miki darussa kafin hutu. Ko da wannan kamfanin bai ɗauke ki ba, kada ki koma aji da tsohon tsari, ki ci gaba da nema. Aiki ana sake samun wani, amma mahaifiyarki murya ɗaya take ji.

Ki lura da wani abu: likita ya ce ki rage magana ki sassauta murya, abin da masu intabiyu suke so ke nan su ma. Magani ɗaya zai yi miki aiki biyu.

Allah ya sa a dace, ya maido miki da muryarki har Mama ta ce ki rage ihu. Kin rufe wasiƙarki da fatan na gane. Na gane, Malama, tun a karon farko, kuma ban taɓa waya ba har na gama karantawa.

Anti